Wadda Ta Koya Mini Tuwo

Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, kada kuma a sa sunan kowa.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tuƙa tuwo a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Rumfata ba ta da allo, ba ta da suna. Me za ta yi da suna? Direban jirgin da ya taso daga Inugu ya san inda zai wanke hannu, wanda ya gangaro daga Jos ma ya sani. Uwata a wurin ta yi tuwo, uwarta kuma a kasuwar ƙauyenmu. Muciyar da nake tuƙi da ita ta uwata ce, hannu ya cinye mariƙinta har ya yi santsi kamar an shafa masa man gyaɗa. Da zan taho Amirka naɗe ta na yi a zane, na sa a ƙasan akwati.

Abin da ya kawo ni kuwa, 'yata ce ta fari. Nas ce, tana aiki a wani asibiti, tana zaune a Lanham, kusa da Washington, a bene hawa na uku. Mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya guda, wadda aka sa wa sunana. Takwarar nan tawa tana da shekara huɗu lokacin, kuma tana da sikila. Duk sanda sanyin ƙasar nan ya shigo sai ciwon ya tashi, ta dunƙule a kan kujera tana kuka ba ƙara, don ƙarar ma ciwo take sa mata. Ba ta cin komai sai kunun gyaɗa da gwaten da na dama da hannuna. Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai da Turanci, amma akwai kalma biyu da ba ta taɓa juya su ba: "Kaka, danna." Sai in zauna in ɗora ƙafafunta a cinyata in yi ta dannawa har uwarta ta dawo daga aiki.

To, da takardar baƙunta na shigo, ita kuma kwananta ƙidayayye ne. 'Yata tana da katin zama amma ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna, kuma sai 'yar ƙasa ke iya zaunar da uwarta. Kafin ta kai nan akwai sauran shekaru. Shekarun nan kuwa kowacce da sanyinta. Ba wanda ya faɗa da baki, amma ni da ita mun san idan na tafi, yarinyar nan a hannun baƙi za ta riƙa yini, waɗanda ba su san kukanta marar ƙara ba.

Sai aka samu wani Alhaji, mutumin Kumasi, mai gidan abinci a wajen Washington. Ya ci tuwona sau ɗaya a wurin wani suna, ya aiko a ce yana son in riƙe masa tukunya, kuma zai nema mini zama a wurin hukuma ta hanyar aiki. Shi ya tura mu wurin lauya.

Lauyan Bature ne, ɗan siriri, mai tari. A kan teburinsa akwai wani littafi, kaurinsa ya kai bulon gini. 'Yata na fassara mini. Ya ɗora tafin hannu a kai ya ce duk sana'ar da ɗan Adam ke yi a ƙasar nan tana ciki, kowacce da lambarta, kowacce an rubuta tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a iya ta. Ya ce akwai sana'o'in da aka buɗe wa ƙofa, irin ta 'yata. Akwai waɗanda aka rufe wa ƙofa ruf, ya karanto su: mai shara, mai goge-goge, mai wanke kwano, mai taya aikin kicin, mai soye-soyen tsaye. Tsakaninsu kuma akwai kuku na abincin wata ƙasa, wanda ake karɓa idan ya nuna ya yi shekara biyu yana koyo ko yana aikin.

Na yi dariya. Shekara biyu! Na ce wa 'yata ta gaya masa a shekara biyu ko talge ban yarda yarinya ta yi mini ba.

Ya ɗauki biro. Ya ce shekara nawa na yi ina koyo?

Na gyara zama na ce, "Ni ban koya ba. Gado ne. A ciki aka haife ni."

'Yata ta ɗan tsaya kafin ta fassara. Ya ce to a wurin wa na yi aiki?

Na ce, "Gaya masa tunda uwata ta haife ni ban taɓa yi wa wani mahaluki aiki ba. Ni ake yi wa."

A garinmu wannan amsa ita ce ƙarshen magana. Wanda ya gada shi ne gaba, wanda ya koya yana bayansa, wanda ake ba umarni kuwa yana can ƙarshen layi. Na zaci zan ga ya jinjina kai. Sai na ga ya mayar da murfin biro. Ya tambaya ko rumfar tana da rajista. Babu. Ko akwai takarda mai sunan rumfar a sama. Babu. Ko hoto. Wa zai tsaya ɗaukar hoto jirgi na huci?

Ya yi magana mai tsawo yana kallon taga. Abin da 'yata ta tsinto mini a ciki shi ne: waɗanda za su duba takarduna ba za su ɗanɗana miyata ba. Wasiƙa suke karantawa, daga wurin wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa, mai suna a sama da hatimi a ƙasa. In babu ita, a idonsu ni tsohuwa ce mai taya aikin kicin, kuma ya riga ya karanta mini inda aka sa waɗannan. Ya rufe littafin. Har yau ina jin ƙarar rufewar nan, kamar an saki murfin rijiya.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sannan 'yata ta ce, idonta a kan titi, "Mama, akwai Madam."

Bari in faɗi ko wace ce Madam. Wata yarinya ce da aka kawo mini daga ƙauye, ƙafa duk faso, ba ta san bambancin kuka da karkashi ba. Shekara uku tana wanke mini kwano. Na taɓa ƙwala mata mara a ka don ta bar sabulu a kwanon wani fasinja. A hankali na sake mata talge, na sake mata miya, har ta iya. Da ta yi aure mijinta ya kama mata shago a cikin gari, aka kafa allo, aka sa labule da benci, aka yi rajista, aka sassaƙa hatimi. Tun daga nan ta zama Madam. Idan mun haɗu a majami'a takan rusuna, amma rusunawar kullum tana raguwa.

Na ce, "Tsayar da motar nan in sauka."

Ta ce, "Mama, a nan ba a sauka a kan titi."

"Mai wanke mini kwano ce za ta rubuta cewa ni yarinyarta ce?"

"Takarda ce kawai. Wa zai gani? Bature ɗaya a ofis, ya karanta ya jefa a durowa."

Kwana tara ban amsa ba. A rana ta goma aka wayi gari da ƙanƙara a kan motoci, kafin azahar ciwon takwara ya tashi. Ina danna mata ƙafa ina kallon kalandar da 'yata ta zagaye ranar ƙarewar takardata da jan biro. Da ta dawo daga aiki na ce ta rubuta wa Madam.

Amsar ta zo ta hannun wani ɗan majami'armu da ya je gida ya dawo. Madam ta ce ba komai, ai uwa ce, za ta yi. Sai dai ta ji ana cewa wani lokaci ofishin jakadanci kan turo mutum ya bincika irin wannan wasiƙa. Saboda haka dole bakinmu ya zama ɗaya. Tunda ni ba na rubutu, in ɗauki kaset in faɗi labarin da bakina, yadda na zo wurinta, da abin da ta koya mini, daki-daki, don ta haddace.

Maganar tana da hujja, shi ya sa ta fi ciwo. Dama da kaset muke aika gaisuwa gida, ba sabon abu ba ne.

Ranar Asabar da hantsi 'yata ta ajiye rakoda a kan teburin kicin, ta ce, "Mama, gajere. Na zo shekara kaza, na yi aiki shekara uku, na iya kaza da kaza. Shi ke nan." Ta danna.

Nan na yi kuskuren da ya fi na ofishin lauya. Ni tun ina yarinya ba a taɓa ba ni labari na faɗe shi a gurguje ba. A tasha fasinja kan bar jirgi ya kusa tashi saboda yana son jin ƙarshen zancena. Da na buɗe baki na ji labarin ya fito a bushe, sai raina ya ƙi. Na ce in dai za a yi, a yi shi yadda mai bincike zai ji ya yarda. Ban san inda zan samo ƙarya mai rai ba, sai na ɗauko labarin ita Madam ɗin na rataya a wuyana.

Na ce bayan rasuwar maigidana rumfata ta mutu, na zo ƙofar shagon Madam da zane ɗaya, na durƙusa. Na ce tuwon da na sani a da na ƙauye ne, mai gudaji. Na ce ta fara sa ni wankin kwano, har wata rana na bar sabulu ta ƙwala mini mara a ka, na shiga bayan shago na yi kuka, na dawo na gode mata. Na faɗi ranar da ta fara sake mini talge. Na faɗi yadda ta koya mini jin dahuwar tuwo da hanci tun kafin a buɗe tukunya. Muryata na hawa tana sauka, har da kwaikwayon muryar Madam tana yi mini faɗa. 'Yata na ɗaga mini hannu in tsaya, ni kuwa na riga na hau. Daga ƙarshe na ce ranar da zan taho, Madam ta ɗauko muciyarta ta kanta ta damƙa mini, ta ce in je in riƙe mata suna a ƙasar Turawa.

Rakoda ta yi ƙas, kaset ya ƙare. Muciyar uwata na jingine a jikin murhu.

'Yata ta ce, "Mama, mu goge mu sake."

Na ce, "Ni ba na faɗin labari sau biyu." Girman kai ne, na sani. Amma har ga Allah labarin ya yi kyau, kuma na ji kyansa.

Wasiƙa ta zo bayan wata biyu, da sunan shago a sama, da hatimi mai ruwan bula a ƙasa. Lauya ya karanta, bai tambayi komai ba. Abu biyu ya ce a gaya mini. Na ɗaya, kada in kuskura in taɓa ko ludayi a gidan abincin Alhaji sai takarda ta fito, don wanda aka kama yana aiki kafin izini ya ɓata wa kansa. Na biyu, abin da ya shiga fayil ba ya mutuwa. Ko bayan shekara nawa aka gano ba haka ba ne, ana iya karɓe abin da aka bayar. Da ya faɗi wannan, 'yata ya kalla, ba ni ba.

Sai jira. Aka buga a jarida cewa ana neman mai iya tuwo da miyar kuka, ko akwai ɗan ƙasa da zai fito. Ba wanda ya fito. Aka ci gaba da jira. Sanyi ya wuce, wani ya zo. Ranar da aka zagaye da jan biro ta zo ta wuce, lauya ya ce in zauna a gida in rage fita. Na koyi rarrabe takun mai kawo wasiƙa da na maƙwabta a kan matakala. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana sai in kama hannun takwara mu yi shiru, ita ta ɗauka wasa ne. A majami'a aka ce wani mutumin Filato an tura bincike garejin da ya ce ya yi aiki, aka tarar da wurin injin niƙa ne, yanzu an mayar da shi gida. Kowa ya ce Allah ya kyauta. Ni ina zaune ina tunanin wani baƙo da jaka a ƙofar shagon Madam, da abin da za ta ga damar gaya masa ranar. Dukan zamana a ƙasar nan yana kan harshen yarinyar da na ƙwala wa mara.

Ranar ganawa da jami'ar shige da fice muka tafi da safe. Mace ce baƙar fata, mai furfura kaɗan, da gilashi a rataye a wuya. An samo mana tafinta, wani mutumin Nijar mai aikin rediyo, mai ladabi, yana ce mini Iya. Aka ce in ɗaga hannun dama in rantse zan faɗi gaskiya. Hannun da nake tuƙi da shi ne. Na ɗaga.

Ta tambaye ni yadda ake tuwo. Nan kam na samu fili. Na kai ta tun daga surfe har kwashewa, na gaya mata abin da kanwa ke yi wa kuɓewa, da dalilin da ba a sa daddawa a ƙarshe. Tafinta har yana haɗiyar yawu, ya ce, "Iya, a hankali, kin sa ni yunwa." Matar ta yi murmushi. Sai ta jawo wasiƙar mai hatimi, ta sa gilashi, ta ɗora yatsa a kan sunan da ke ƙasa.

Tafinta ya ce, "Iya, tana tambaya, wannan matar ita ce uwar ɗakinki?"

Na ce, "Ita ce."

"Ita ta koya miki wannan duka?"

Ɗakin ba taga. Ina jin numfashin 'yata a bayana. Amsar gaskiya ta taso mini har maƙogwaro, da sunan uwata a cikinta, da na kakata. Na tuna mun baro takwara a wurin maƙwabciya da safen nan tana riƙe da gefen zanena.

Na ce, "Ita ta koya mini. Allah ya saka mata."

Matar ta buga hatimi.

Na riƙe tukunyar Alhaji shekara da shekaru, mutane na tahowa tun daga Beltsville don miyar taushe. Da safe nake zuwa in gama kafin a taso makaranta, in dawo in tarar da takwara. Ciwonta bai bar ta ba, amma bai taɓa tashi ya tarar ba na nan ba.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin 'yata ta sayi gida a Bowie. Wata Lahadi bayan sujada ta gayyato wata sabuwar nas da ta zo daga gida, 'yar Kafanchan, yarinya mai fara'a. Na zuba mata tuwo. Ina cewa "Bismilla, 'yata, ci ki ƙoshi," sai ta saki loma ta zuba mini ido.

"Kaka, sake magana."

"Me zan ce?"

"Wallahi ke ce! Ke ce ta kaset ɗin Madam!" Ta tafa hannu tana dariya. "Muna makarantar nas can muke cin abinci. Duk sabuwar yarinyar da aka kawo aiki sai Madam ta zaunar da ita ta sa mata, ta ce ji yadda haƙuri ya kai wata har Amirka. Mu ma har mun haddace. Wurin marar nan, Kaka, har hawaye nake yi."

Na ce, "Tsofaffin tasha fa? Ba su ce komai ba?"

"Wace tasha? Ai jirgi sai a yi sati ba a gan shi ba. Duk rumfunan an watse." Sai ta hango abin da ke rataye a bangon kicin. Ta miƙe ta je ta tsaya a gabanta, ta sa hannu biyu a baya kamar mai kallon abin tarihi. "Kaka, ita ce wannan? Muciyar Madam?"

Takwara na zaune a gefena, ta yi tsawo, tana cin tuwo da cokali, tana bin mu da ido don ta ji an ambaci muciyar da na ce mata ta kakar uwarta ce. Yarinyar nan baƙuwa kuwa bakinta ba ya riƙe magana, kuma majami'armu ɗaya da mutum ɗari. 'Yata ta ajiye jug ɗin ruwa a hankali, tana yi mini irin kallon da lauya ya yi mata.

Na ce, "Ita ce."

"Kai, Madam za ta ji daɗi in na rubuta mata! Kin san kaset ɗin ya fara cin zare, ta sa an kwafe shi har uku."

Na ɗauki ludayi na ƙara mata miya. Takwara ta ci gaba da kallona. Sai da baƙuwa ta tafi, ina wanke kwanoni, ta zo ta tsaya a bayana, ta yi tambayar da Hausa, ita da ba ta yi.

"Kaka, ta wa ce?"

Na ce ta je ta sa safa, ƙasa da sanyi.